Kakin da Choji Ya Goge

Choji Bot mutumin Kuru ne, can kan dutsen Jos, inda tsofaffin ramukan kuza suke cike da koren ruwa rani da damina. An haife shi a 1936. Ya yi makarantar Mishan har aji shida, daga nan aka ɗauke shi koyon aikin fita, wato ƙera sassan inji da haɗa su, a ma'aikatar gyaran injuna ta wani kamfanin haƙar kuza kusa da Bukuru. Shekara goma sha tara ya yi a bakin bencin aiki ɗaya. In injin tsotse ruwa ya tsaya ana tsakiyar marka, aka ce kayan gyara sai an aika Ingila, Choji ake kira. Zai ɗauki abin da ya karye, ya jujjuya shi a hannu, ya auna, ya shiga sito ya zaɓo guntun ƙarfe. Kafin kwana uku injin ya tashi.

Akwai wata ɗabi'a da ya taso da ita tun yana makaranta. Baturen da ya koya musu aikin hannu ba ya karɓar aikin kowa sai ya shafa shi da farin hankici. In maiƙo ya fito a jikin hankicin, sai mai aikin ya koma ya sake gogewa, komai kyan ƙirar. Abin ya shiga jinin Choji. Har ya girma hankici biyu yake sawa a aljihu, ɗaya na fuska, ɗaya na aiki, kuma bai taɓa miƙa wa wani abin da ya ƙera ba sai ya goge shi ya yi sheƙi.

Da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar, sai kuza ta faɗi, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. A 1972 matarsa Rhoda, wadda take aikin jinya, ta sami gurbin karatun ungozoma a Landan. Suka bar 'yarsu Angelina a makarantar kwana, Choji ya bi matarsa. Suka kama ɗaki biyu a saman wani gida a Barking, irin gidajen nan da suke manne da juna tun daga farkon layi har ƙarshensa.

Ya zaga masana'antu da takardun shaidarsa a cikin jakar leda. Ko'ina ya je, sai a duba takardun, a yi murmushi, a ce ba a san wannan hatimi ba. A ƙarshe ya sami aikin lebura a wata masana'anta da ke bakin kogin Roding, inda ake ƙera kayan injin tsotse ruwa, wato irin kayan nan da ya shekara goma sha tara yana ƙera madadinsu da hannu. Aikinsa shara ne da ɗaukar garwar mai.

A tsakiyar masana'antar akwai wani ɗaki mai bangon gilashi, ɗakin maƙera kayan aiki. Mutum shida ne a ciki, kowa da bencinsa, ga shugabansu Mista Hollis, wani gajeren Bature mai ƙarancin magana. Kullum ƙarfe huɗu na yamma Choji yakan shiga ya share musu. Sau da yawa yakan ga an ɗaure aiki a karkace, ya san zai lalace, ya ci gaba da shararsa. Ba a tambayi mai tsintsiya ba.

Haka aka tafi har Janairun 1975. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga gida, kowace da labarin ƙarin albashin Udoji: wane ya sayi babur, wance ta sayi rediyo mai kaset, masinja ma ya ɗinka kwat. Rhoda za ta gama karatunta da Ista, kuma an riga an rubuto mata cewa kujerar sistar asibiti tana jiranta a gida. Asibitin da take koyo a Landan su ma sun ce ta zauna.

Ran wata Lahadi bayan sun dawo daga coci, suna cin tuwon garin semolina, ta ajiye maganar a gabansa. Malam Almu yana nan, wani ma'aikacin gwamnati ɗan Zariya da aka turo kwas na wata tara, yana haya a ɗakin ƙasa. Duk Lahadi yakan hau sama, ya ce ƙamshin daddawa ne ya kira shi.

Rhoda ta ce, "Baban Angelina, ni fa na gaji da ganin hannun nan naka a kan tsintsiya. In Ista ta zo kana nan kana shara, mu tattara mu koma."

Choji ya ce, "In koma in ce na yi me? Yaran da na koya wa riƙon magagari su tare ni a tasha, su ce Baba me ka ƙera a Ingila, in ce na ƙera tsabtar daɓe?"

Malam Almu ya suɗe yatsa ya ce, "Haba Sarkin Maƙera, wa zai tambaye ka? Ka sauka da kwat da lema, ka riƙa cewa sorry, sorry, shi ke nan an san ka je Ingila. Yanzu a gida ko akuya ta iya sa hannu sai a ba ta ofis."

"To kai wa ya ba ka naka?"

"Ai shi ya sa na sani."

Rhoda ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na dai faɗa. Ista."

Choji ba ƙin gida yake yi ba. Abin da ba ya so shi ne ya bar ƙasar nan ba tare da ko mutum ɗaya a cikinta ya san shi maƙeri ne ba.

Bayan kwana tara, yana shara a ɗakin gilashi, sai ya ga wani abu a kan bencin Mista Hollis wanda ba na injin ruwa ba ne. Dunƙulen ƙarfe ne kamar tsawon yatsa, da rami a tsakiya, da wata kusa mai zare da ake murzawa daga sama. Ya tsaya yana kallo har tsintsiya ta daina motsi.

Mista Hollis ya ɗago kai ya ce, "Ka san ko mene ne?"

Choji ya ce, "Ana matse wani abu mai laushi a ciki. Dalma, ina tsammani. Amma zaren kusar yana da wasa. Yau zai tsaya nan, gobe ya wuce da kaurin gashi."

Baturen ya cire tabarau ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Sai ya yi masa bayani. Shi ɗan wata ƙungiya ce ta masu harbin takarda, suna taruwa ran Asabar a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Bindigoginsu ƙanana ne, masu cin harsashin nan da maharba suke kira tu-tu. Harsashi mai kyau na gasa ya yi tsada a shekarar, mai arha kuwa kawunansa ba su zama ɗaya ba: wani hancinsa ya ɗan karkace, wani ya fi ɗan'uwansa kauri. Shi ya sa wasu suke sa kowane harsashi a cikin irin wannan rami, su danne hancin dalmar har ya ɗauki siffar ramin, duk su fito tamkar an haife su rana ɗaya. Turawa suna ce wa aikin swaging. A ƙungiyar akwai kayan matsi iri biyu, nasa mai kusa wanda ya ƙera da kansa, da wani da aka yiwo odarsa daga Amirka, wanda ake bugawa da gudumar katako. An yi wata shida ana gardamar wanda ya fi.

Choji ya ce, "Duka biyun da saura."

"Za ka iya yin wanda ya fi su?"

"Zan iya."

Mista Hollis ya mai da tabaransa. Can ya ce akwai ɗaya daga cikin mutanensa da zai yi ritaya ƙarshen Maris. Ofis ba za su karɓi takardun Bukuru ba, amma za su karɓi maganarsa. In Choji ya kawo abin da ya ka da waɗannan biyun a kan takarda, a gaban shaidu, bencin nasa ne. In bai ka da su ba, kada a sake ta da maganar.

Choji bai taɓa harba bindiga ba a rayuwarsa, kuma doka ba ta yarda harsashi ya fita daga ƙungiyar ba sai ga mai takardar 'yan sanda. Abin da aka ba shi kawai zane ne mai ɗauke da awo, da kwanson harsashi guda biyar waɗanda aka riga aka harba, da izinin taɓa tsohon injin sassaƙa ƙarfe na bayan sito a lokacin cin abinci. Ya samo guntun bututun dalma a bola, ya narka a gwangwanin sadin a kan murhun Rhoda ranar da take aikin safe, ya zuba kawuna na gwaji, ya cusa a kwanson. Da su ya yi ta gwaji har mako biyar.

Tunaninsa mai sauƙi ne. Guduma tana bin zuciyar mai bugu: in ya yi faɗa da matarsa da safe, dalma za ta sani. Kusa mai zare kuwa ba ta san inda za ta tsaya ba. Shi sai ya yi nasa da hannu dogo irin na famfo, wanda ake dannawa a hankali har ya dira a kan wata kafaɗa ta ƙarfe, daga nan ko ƙato ne ba zai iya ƙara masa ko kaurin gashi ba. Gindin ramin kuma ya yi masa sarari, domin irin wannan harsashi wutarsa a gefen gindinsa take, ba a yarda wani abu ya matsi wurin ba. Ramin kansa kwana goma sha ɗaya ya yi yana goge cikinsa da sanda da garin dutse, har in ka leƙa sai ka ga idonka.

Ran Asabar takwas ga Maris, da hantsi, suka tafi shi da Malam Almu, wanda ya ce ba za a yi wannan biki ba shi ba. Wurin wani dogon rami ne mai rufin bulo, yadi ashirin da biyar daga bakin harbi zuwa takarda, ga sanyi kamar cikin randa. In jirgin ƙasa na layin District ya wuce ta sama, sai ƙura ta riƙa zubowa. Mutum goma sha huɗu suka zo kallo.

Mai kayan Amirka wani dogon tsoho ne mai jan fuska, Mista Pennick, wanda ya yi shekara ashirin yana aikin Di'o a ƙasar Hausa. Da ya ji baƙin suna magana, sai fuskarsa ta washe. Ya matso ya ce da gurguwar Hausarsa, "Sannu da zuwa. Ke ce maƙeri? Ni sunana a Arewa Zakara."

Malam Almu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, suna ya dace." Da tsohon ya juya, sai ya raɗa wa Choji, "Wannan ba zakaran gwajin dafi ba ne. Na rantse tun asuba yake ta da mutane da ihu."

Ga yadda aka shirya gwajin. Aka ɗaure bindiga ɗaya a jikin wani ƙarfe da aka kafe a daɓe, don kada hannun mutum ya shiga maganar. Kowane kayan matsi za a ba shi harsashi hamsin daga kwali ɗaya, a harba goma goma a takarda biyar, a auna faɗin inda suka taru. Wanda nasa ya fi tsukewa shi ya ci. Kowa ya ɗauki hamsin ɗinsa ya sami wuri. Choji ya shiga ɗan ɗakin baya inda ake dafa shayi.

Ranar ya fara riƙe harsashi na gaske. Da ya ɗauki na farko sai ya ji yana danƙo a yatsa, wani abu mai kama da dattin maiƙo ya lulluɓe dalmar. Ya ce a ransa, ashe Turawa ma suna sakin aiki da ƙazanta in mai arha ne. Ya matse hamsin ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fito sumul. Sannan ya zaro hankicin aiki, ya bi su ɗaya ɗaya ya goge, har suka riƙa ƙyalli kamar azurfa. Ya jera su a faranti ya fito da su. Har wani ya yi fito don sha'awa.

Na Mista Pennick aka fara harbawa. Takardarsa ta biyu ta yi kyau ƙwarai, sumuni uku na inci, wato kashi uku cikin takwas, amma ta huɗu ta buɗe har inci ɗaya ba rubu'i. Na Mista Hollis suka tsaya a rabin inci, sai ɗaya da ta ɗan gota. Aka wanke bindiga, aka zo kan na Choji.

Takardar farko, harsashi goma suka shiga rami ɗaya wanda maɓallin riga zai rufe. Malam Almu ya fara gyara hula. Takarda ta biyu ta kai rabin inci. Ta uku ta kusa inci. Ta huɗu ta watse kamar an watsa wa kaji tsaba. A ta biyar, harsashi ɗaya ma bai taɓa baƙin da ke tsakiya ba.

Mista Hollis ya matso. Ya kwance bindigar, ya ɗauki sandar wanki ya zura tsumma a bututun. Mutane suka fara neman kofunan shayinsu, kowa yana kauce wa idon Choji.

Choji ya ce, "Mista Hollis, in ga tsumman nan."

Aka miƙa masa. Jikin tsumman duk wasu 'yan ɓarɓashi ne masu walƙiya. Ya murza su a yatsa. Ya san su. Ya sha ganinsu a Bukuru duk ranar da wani ya manta bai zuba wa injin mai ba, ƙarfe mai laushi ya goga a kan mai tauri har ya bar naman jikinsa a kai. Ya je kwalin ya ɗauko harsashi ɗaya wanda ba a taɓa ba, ya kankare danƙon da farce, ya kai hanci. Kakin zuma ne da kitse. Ashe ba datti ba ne. Da gangan aka shafa shi, don dalma ta wuce cikin bututu ba ta manne ba. Shi kuwa ya bi hamsin ɗin nan ya tuɓe su tsirara.

Ba wanda ya ga lokacin da ya yi gugar. Da ya so, sai ya ce bindiga ce ta yi zafi, ko ya saɓa kayansa ya fita da sauran mutuncinsa. Ya tsaya a tsakiyar wurin, ya zaro hankicin, ya buɗe shi kowa ya ga maiƙon, ya ce, "Laifin ba na ƙarfen ba ne, nawa ne. Na ɗauka datti ne, na goge."

Sai Mista Pennick ya fashe da dariya har yana riƙe bango. Ya ce da Hausarsa, "Ta yi wa harsashi wanka." Sauran ma da aka fassara musu suka kama dariya. Choji ya tsaya ya shanye.

Mista Hollis shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Wata shida muna wannan aiki, ban taɓa gaya wa kowa kada ya goge ba, don ban taɓa zaton akwai wanda zai yi ba. Amma magana magana ce. An yi gwaji, ka faɗi. Sai fa in Pennick ya yarda a sake."

Tsohon ya share hawaye ya ce shi bai yi shekara ashirin yana shari'a ba don ya zo ya ci gasa a kan hankici. A sake bayan mako biyu.

A jirgin komawa gida Malam Almu ya yi ta ƙoƙarin riƙe bakinsa, har suka wuce tasha biyu, sannan ya kasa. Ya ce, "Sarkin Maƙera, mu da muke alwala sau biyar a rana ba mu taɓa yi wa harsashi ba. Ku 'yan Mishan kun fi mu."

Da Rhoda ta ji labari, sai ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce, "Takardar farkon, ka ce maɓalli zai rufe ta?"

"Zai rufe."

"To aikinka ya yi. Hannunka ne bai da kunya." Ta tashi ta buɗe akwati, ta ɗauko kyandir biyu da suka saya lokacin da ake yawan ɗauke wuta, ta ajiye masa a tebur. "Ga kaki. In ka ɓata mini tukunya kuma, kai da Allah."

Mako biyun nan bai zauna ba. Ya riƙa tsoma kawunan gwajinsa a narkakken kyandir yana matsawa, sai ya gano abin da ba don kuskuren nan ba da bai gano ba: bakin raminsa yana da kaifi, yana kankare kakin a gefe ɗaya. Ya zauna ya lanƙwasa bakin, ya goge shi, har kan dalma ya riƙa shiga ya fito da rigarsa cif. Ya kuma lura cewa kaki in ya ji sanyi tsagewa yake yi, in ya ji ɗumin jiki kuwa sai ya bi. Ya ajiye wannan a ransa.

Ran Asabar ashirin da biyu ga Maris, saura kwana takwas Ista, Rhoda ta yi musaya da wata abokiyar aikinta ta ce da ita za a je. A bakin ƙofar gida ta tare shi ta miƙa hannu.

"Kawo."

"Me?"

"Baban Angelina, kada ka mai da ni yarinya. Duka biyun."

Ya zaro hankicin aiki ya ba ta. Ya ce na fuskar fa, ana sanyi, hanci yana zuba. Ta ce ya ja shi sama kamar kowa. Ta jefa su a jaka ta rufe.

Labarin wankan harsashi ya zaga, don haka ranar mutum talatin da ɗaya suka zo, har da uku daga ɗakin gilashi. Wannan karon a fili aka ce kowa ya yi matsinsa, a tebur ɗaya. Mista Pennick yana ta ƙwanƙwasa gudumarsa, wani bugun da ƙarfi, wani a hankali, yana yi yana ba da labarin wani rangadi da ya yi a kan doki. Mista Hollis yana murza kusarsa yana ƙirga juyi a ƙarƙashin numfashi, kowane harsashi sai ya ci masa kusan minti ɗaya. Choji kuwa tun daga gida dunƙulen ƙarfensa yana cikin hammatarsa, kwalin harsashin ma da aka ba shi sai ya sa a aljihun ƙirji na minti goma. Sannan ya ɗaura kayansa, ya shiga dannawa. Sa, danna, dira, cire. Cikin minti goma sha biyu ya gama. Harsasan suka fito dusu-dusu da maiƙo, ba kyan gani. Sau biyu hannunsa yana tafiya aljihu da kansa, ya tarar ba komai. Rhoda tana daga bayan igiyar da aka tare 'yan kallo da ita tana kallonsa, jakarta a ƙirji.

Aka jefa kwabo, na Choji suka sake zama na ƙarshe. Na Mista Pennick suka yi yadda suka saba, biyu masu kyau, uku ba yabo ba fallasa. Na Mista Hollis suka fi na wancan karon, ba wadda ta wuce rabin inci, ɗaya ma ta sauko sumuni uku. Aka wanke bindiga.

Takardar Choji ta farko, rubu'in inci da ɗan ɗoriya. Ba wanda ya yi murna tukuna, don an ga irin wannan a baya. Ta biyu, haka. Da aka zo ta uku, inda abin ya fara lalacewa wancan karon, jirgi ya taho ta sama, aka dakata har ya wuce, ƙura ta lafa. Choji ya kama bakin tebur. Aka harba goma. Mai duba takarda ya sa ido a madubin hangen nesa, ya daɗe, sannan ya ce shi rami ɗaya yake gani. Ta huɗu ta ɗan buɗe zuwa sumuni uku. Ta biyar ta koma rubu'i.

Aka kawo takardu goma sha biyar aka shimfiɗa a tebur ƙarƙashin fitila. Mista Hollis ya auna kowace da kansa, sau biyu, ya rubuta. Mafi munin takardun Choji ta yi daidai da mafi kyan na sauran biyun. Sannan ya zura tsumma a bututun bindigar, ya fito da shi, ya ɗaga sama. Baƙin hayaƙi ne kawai, ba ɓarɓashin dalma ko ɗaya.

Turawan nan da ba su cika hayaniya ba suka yi tafi, har wani ya buga murfin bokiti. Rhoda ta manta inda take ta rangaɗa guɗa, rufin bulo ya amsa, wani tsoho ya zubar da shayinsa. Malam Almu ya bi mutane yana gaisawa da su ɗaya ɗaya kamar shi ya yi aikin, yana cewa da Turanci ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mista Pennick ya zo ya tsaya a gaban Choji, ya cire hularsa. Ya yi ɗan tunani, kamar mai lalube a tsohuwar jaka, sannan ya ce, "Kai ne maƙeri." Malam Almu ya ce wa Choji, "Alhamdu lillahi, yau ka zama namiji."

Mista Hollis ya ɗauki kayan matsin, ya danna hannun sau uku yana sauraren yadda yake dira, ya leƙa ramin. Ya tambayi da me aka goge cikinsa. Choji ya gaya masa. Ya tambayi kwana nawa. Ya gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Talata bayan Ista, ƙarfe bakwai da rabi. Benci na uku daga ƙofa. Ka zo da ma'auninka in kana da shi."

Choji ya ce yana da shi. Yana ƙasan akwati tun 1972, naɗe a cikin zanen Rhoda.

A hanyar tasha Rhoda ta ce gobe bayan coci za ta rubuta wa mutanen gida su ba wata ma'aikaciyar kujerar da aka ajiye mata, ta kuma rubuta wa makarantar Angelina a fara shirya mata takardun tafiya. Choji yana tafe yana kallon gabansa, bakinsa yana motsi. Ta tambaye shi ko addu'a yake yi. Ya ce a'a, takarda ta huɗu yake tunani, me ya sa ta buɗe.

Shekara ashirin da shida ya yi a benci na uku. Mutum goma sha ɗaya suka koyi aiki a hannunsa, cikinsu har da ɗan Mista Hollis. Ƙungiyar masu harbi ta roƙe shi ya ƙera mata irin kayan nan guda shida, ya ƙera, kowanne da lambarsa a gindi. Sun yi ta yi masa tayin ya zo ya gwada harbi ko sau ɗaya, yana cewa sai wani makon, har aka rufe wurin aka mai da shi garejin motoci.